Kafanchan da Zamunnan Jirgin Ƙasa: Wanne Ake Kewa, Kuma Me Ya Sa?

Gabatarwa

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A Nijeriya ta yau da wuya a sami batun da wannan karin magana ya hau kansa daram kamar batun jirgin ƙasa, kuma a duk Arewa da wuya a sami garin da ake yawan tuna baran kamar Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Gari ne da ya tashi a goyon layin dogo. Da jirgi ya yi ƙarfi garin ya yi ƙarfi, da jirgi ya kwanta kuwa sai da kowane gida ya ji a jikinsa.

Masu sha'awar jirgin ƙasa a duniya suna da wata muhawara da ba ta ƙarewa, wato wane zamani ne ya fi kowanne armashi a tarihin dogo. A Ingila, inda wannan sha'awa ta fi kafuwa, akwai mutanen da kan wuni a bakin tasha da littafi da biro suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce. Wasunsu sun fi ƙaunar shekarun 1923 zuwa 1947, lokacin da manyan kamfanoni huɗu ke gasa da juna, har wani kan jirgi mai suna Mallard ya yi gudun mil 126 a sa'a a 1938. Wasu kuma zuciyarsu na kan kwanakin ƙarshe na jirgin kwal, wanda hukumar jiragen ƙasar ta sallama a watan Agustan 1968. Tun 1951 'yan sa kai suka karɓi wani ɗan layi mai suna Talyllyn a yankin Wales suna tafiyar da shi da kansu don kada ya mutu.

A nan gida masu wannan sha'awa wasu irin mutane ne dabam. Tsofaffin ma'aikatan reluwe ne da 'ya'yansu da suka tashi a kwatas, da fatake da dillalan da suka yi arziki a bakin tasha, da waɗanda suka tafi makarantar kwana a jirgi, sai ɗaliban tarihi. Su ma suna yin muhawarar, amma ba a kan launin fenti ko saurin inji ba. Kowa yana yabon zamanin da jirgi ya ciyar da shi. Wannan nazari zai bi zamunnan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka shafi Kafanchan da kewayenta, ya auna kowanne da ma'auni uku: me jirgin ya ɗauka, wa ya ci abinci da shi, wa kuma ya biya kuɗin da gumin.

Yadda mararraba ta zama gari

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo a Nijeriya ne daga bakin teku zuwa inda albarkatu suke. Layin Ikko ya isa Ibadan a 1901. Layin Baro, wanda aka fara a 1907, ya isa Kano a 1911, aka haɗe hukumomin layukan biyu a 1912. Da kuzar tudun Jos ta ja hankalin kamfanoni, sai aka ja wani siririn layi daga Zariya wanda ya isa Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, alhali babban layi ƙafa uku da rabi ne, don haka duk kayan da ya ɗauko sai an sauke a Zariya an sake lodi.

A can kudu maso gabas kuma an gano kwal a Udi a 1909, aka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, layi ya haɗa ta da Inugu a 1916. Daga nan aka nufo Arewa. Layin ya iso Makurɗi a 1924, a 1927 ya haɗu da na yamma a Kaduna, a shekarar kuma aka buɗe reshen da ya hau tudu zuwa Jos. Inda reshen ya rabu da uwar layin shi ne Kafanchan, kimanin kilomita 180 daga Kaduna, kimanin 100 daga Jos. Da farko sai an ɗora taragai a jirgin fito kafin su ƙetare Binuwai, har aka buɗe gadar Makurɗi a 1932.

Wurin ba kango ba ne kafin zuwan jirgi. Ƙasar Fantswam ce, kewaye da Bajju da Kagoro da Kaninkon da Kagoma, sai Atyap da Jaba da Marwa a gaba kaɗan, ga kuma masarautar Jama'a da aka kafa tun farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau. Abin da jirgi ya yi shi ne ya jawo nauyin yankin gaba ɗaya zuwa bakin tasha. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta taso ta dawo Kafanchan. Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kurmi suka zo aikin akawu da kanikanci da tuƙi, Hausawa fatake suka zo da hajarsu. Marubucin nan Onuora Nzekwu, ɗan asalin Onitsha wanda yara da yawa suka karanta littafinsa Eze Goes to School a makaranta, a Kafanchan aka haife shi a 1928, shekara ɗaya bayan buɗe mararrabar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna saurin da garin ya tara baƙi. Ƙananan tashoshi ma sun haifi nasu garuruwan, shi ya sa har yau ake da Jagindi Tasha a kan hanyar kudu, Zonkwa kuma ta bunƙasa a kan hanyar Kaduna.

Zamanin diga

Zamanin gini shi ne wanda masana tarihi suka fi tonowa, shi ne kuma wanda talaka ba ya kewa. Kalmar diga kanta, wadda aka aro daga bakin Turawa, a Hausa ta zama sunan abin haƙa, ta kuma zama sunan aikin shimfiɗa dogo da duk wahalar da ke cikinsa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka ja layin Baro zuwa Kano ta ƙasarsa a zamanin sarautarsa, har waƙa ya rubuta a kai, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Tsarin samun leburori a Arewa sananne ne. Bature ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Ana biyan ɗan abin da ba a rasa ba, amma mutum ba shi da ikon cewa a'a, kuma kuɗin da ya samu yawanci haraji ke cinye shi. Da diga da shebur da kwando a ka aka fasa duwatsu aka cike kwaruruka. A yankin da jama'a suka daɗe suna zargin duk wani umarni da ya fito ta hannun masarauta, irin wannan tilas ta ƙara zurfafa ƙiyayyar da ta riga ta yi saiwa. Haka aka sake yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, da aka tilasta wa dubban mutane aikin haƙar kuza a tudun Jos.

Idan aka auna wannan zamani da ma'aunanmu, amsar a fili take. Kuza da kwal aka gina layin domin su, kamfanonin Turawa ne suka fara cin riba, manomin yankin ne ya biya da ƙarfinsa. Duk wanda zai yabi zamunnan da suka biyo baya, ya kamata ya fara tuna cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan wani ne ya yi gudun.

Zamanin kwal

Daga 1932 zuwa tsakiyar shekarun 1950 jirgin kwal ne kaɗai sarki a kan dogo, kuma har cikin shekarun 1970 bai gama ɓacewa ba. Wannan shi ne zamanin da dattawa suka fi kawowa idan hira ta yi daɗi, kuma a nan ra'ayinsu ya zo ɗaya da na masu sha'awar jirgi a Turai, sai dai dalilin ya bambanta. Don a gane dalilin sai an matso kusa da injin.

Kan jirgin kwal abu ne mai ci da sha kamar dabba. Direba na gefe guda hannunsa a kan birki da makunnin tururi, mai zuba kwal na ɗaya gefen da shebur, yana jefa kwal cikin murhu ba hutawa don kada wuta ta yi sanyi. Wutar ce ke tafasa ruwan tukunya, tururin ya tura ƙarafan da ke juya ƙafafu. Ruwa na ƙarewa a hanya, don haka dole a tsaya a ƙarƙashin tanki a sha. Idan an iso masauki sai an kwashe toka, an share bututu, an bi kowace gaɓa da mai. Kafin tafiyar asuba, tun cikin dare wani ya tashi ya hura wuta, domin tukunya ba ta yin zafi cikin gaggawa. Wanda zai hau Jos daga Kafanchan kuwa aiki ne ja a gabansa: daga tsayin mita 700 da 'yan kai zai bi ta Kagoro da Manchok ya haura zuwa sama da mita 1,200, kan jirgi na nishi, mai shebur na jiƙe sharkaf. Daga 1948 aka fara kawo wasu kawunan jirgi daga Ingila waɗanda aka raɗa wa kowannensu sunan wani kogin Nijeriya, suka zama ginshiƙin aiki a duk faɗin ƙasar.

Ma'anar wannan ga gari kamar Kafanchan ita ce hannu da yawa. Mararraba tana buƙatar loko inda ake kwantar da injuna, da makanikai da maƙera, da masu canza layi, da masu haɗa taragai, da masu duba dogo a ƙafa, da masu buga tangaraho, da akawun kaya da na tikiti, da masu gadi. Kowannensu yana da iyali, kowanne yana karɓar albashi ƙarshen wata. A yankin da kusan kowa manomi ne mai ganin kuɗi sau ɗaya a shekara bayan girbi, albashin wata-wata ya zama ruwan da kasuwa ke sha. Tela ya samu, mahauci ya samu, mai gidan haya ya samu.

Sai kuma dandalin tasha. Da an ji kukan jirgi daga nesa, masu talla sun jeru da farantan ƙosai da dafaffiyar gyaɗa da rake da lemo da ayaba, 'yan dako sun gyara gammo. Fasinjan da ya fito daga Fatakwal zai sauka ya jira na Jos, wanda ya fito daga Jos zai jira na Kaduna, kuma mai jira dole ya ci ya sha. Ciniki ta taga ake yi, a miƙa kaya a miƙo kuɗi kafin usur. Da Hausa ake wannan ciniki, ko da mai saye Ibo ne mai sayarwa Bajju. Tasha da kasuwa, tare da majami'un mishan da suka riƙi Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka kammala fassararsa a 1932, su suka ƙarfafa Hausa ta zama harshen haɗuwar kabilun yankin.

A wannan zamani ne kuma citta ta kama hanyar zama amfanin gonar sayarwa a ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko da kewayen Kafanchan. Busasshiyar citta kaya ce da ke jure doguwar tafiya, jirgi kuwa ya ba ta hanyar zuwa bakin teku.

Zamanin yana da nasa tabon. Manyan muƙamai na Turawa ne, taragai hawa uku ne, talaka na kan bencin katako a na ukun. Ma'aikatan reluwe ne suka zama ƙashin bayan gwagwarmayar ƙwadago a Nijeriya, su ne a gaba a babban yajin aikin 1945 wanda ya ɗauki sama da kwana 40, da Michael Imoudu a matsayin jagoransu. Kwal ɗin da ake ƙonawa a loko ma da jini a jikinsa, domin a ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley kusa da Inugu.

Shekaru goma na ƙoli, 1955 zuwa 1964

Idan aka ajiye daɗin tuna ƙuruciya aka dubi hujja, zamanin da ya fi cancantar yabo a Kafanchan shi ne wanda ya fara a 1955. A shekarar aka mayar da sashen reluwe na gwamnati Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya mai cin gashin kanta, a shekarar kuma aka kawo kawunan jirgi masu amfani da dizal na farko don manyan layuka. 'Yan ƙasa suka fara hawa kujerun da a da sai Bature.

Abubuwa biyu suka ɗaga darajar mararrabar. Na farko, a 1957 aka rufe siririn layin Zariya zuwa Jos, saboda haka duk abin da zai shiga Jos ko ya fito ta dogo sai ya bi ta Kafanchan. Na biyu, a 1958 Nijeriya ta karɓi rancenta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, domin inganta reluwe da jan layi zuwa Borno. Layin ya tashi daga Kuru, kudu da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Daga ranar, gyaɗa da auduga da shanu da fatun arewa maso gabas da suka hau wannan layi ba su da wata ƙofar dogo zuwa teku sai Kafanchan. Tsawon layukan ƙasar ya kai kimanin kilomita 3,505.

Alƙaluman hukumar sun tabbatar da abin da dattawa ke faɗa. A 1964 jiragen ƙasa sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. A ma'aunanmu uku, wannan ne lokacin da suka fi daidaita: kaya sun yi yawa kuma sun haɗa da amfanin gonar talaka, aikin ya koma hannun 'yan ƙasa, kuɗin gini kuma daga rance da kuɗin shiga ya fito, ba daga aikin tilas ba.

Amma a cikin wannan ƙoli ne aka shuka irin koma-baya. Injin dizal ba ya son tanki, ba ya son mai shebur, ba ya son a kwana ana hura masa wuta. Abin da ya sauƙaƙa wa hukuma ya rage hannun da mararraba ke buƙata. Ya kuma janye wa ma'adinan Inugu babban mai sayen kwal ɗinsu, wanda hakan ya rage kayan da layin gabas ke ɗauka zuwa Arewa. Shi ya sa za ka ga tsohon direba yana yabon dizal saboda ya huta da zafi da toka, ɗan kasuwar garin kuwa yana yabon kwal.

Yaƙi da gangara

Shekara biyu kacal aka ci moriyar cikakken layin cikin lumana. A rikicin 1966 jirgin da ya kawo mutanen gabas Arewa shi ya kwashe su zuwa gida cikin firgici, kuma wanda ya taso daga Kano ko Kaduna ko Jos, ta Kafanchan zai bi. Reluwe ta rasa ɗimbin ƙwararrun ma'aikata a Arewa cikin 'yan makonni. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin Fatakwal, ya lalata gadoji da injuna. Ana gama yaƙin, a watan Fabrairun 1970, jirgi ya yi mummunan hatsari a Langalanga, kudu da Kafanchan a Jihar Nasarawa ta yanzu, mutane da yawa suka rasu.

Kafin layin ya farfaɗo, ƙasar ta canza. Kuɗin man fetur ya tafi kan tituna, manyan motoci suka ƙwace kaya domin suna kai wa har ƙofar shago. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Haƙar kuza ta yi ta ja da baya har kasuwarta ta duniya ta karye a 1985. Zuwa 1974 fasinjoji sun sauko zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan ɗaya da kaɗan. Layin da aka gina don kuza da kwal da gyaɗa ya wayi gari babu ko ɗaya daga cikin ukun.

Farfaɗowar da ba ta ɗore ba

Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1980 suna da nasu zamanin. Daga 1979 zuwa 1982 gwamnati ta damƙa tafiyar da hukumar ga ƙwararru daga Indiya na kamfanin RITES, jirage suka koma bin lokaci, aka gyara injuna. Da suka tafi abin ya sake saɓulewa. Daga 1989 zuwa 1992 Samuel Ogbemudia ya riƙe hukumar, a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya sa kuɗin mota ya gagari talaka, jirgi ya sake cika da fasinja har a kan rufi. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara ta sama da dala miliyan 500.

Abin lura shi ne duk waɗannan yunƙuri a kan fasinja da injuna suka fi tsayawa. Jirgin ƙasa kuwa, a kusan ko'ina, kaya ne ke riƙe shi, fasinja na bin bayansa. Da babu kayan da za su biya kuɗin gyaran dogo, kowace farfaɗowa takan mutu da tafiyar wanda ya kawo ta. Aka shiga sallamar ma'aikata da bashin albashi da na fansho. Kafanchan ta ci gaba da zama hedikwatar shiyyar arewa ta tsakiya ta hukumar, amma ciyawa ta fara cin layukan loko.

A cikin waɗannan shekaru ne garin ya yi suna da abin da ba ya so: rikicin Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, na 1999 a kan naɗin sarki, da na bayan zaɓen 2011 wanda aka ƙona kasuwa a cikinsa. Ba daidai ba ne a ce mutuwar jirgi ce ta haifar da su, domin saiwarsu na cikin tsohuwar taƙaddamar sarauta da ƙasa da addini, wadda zuwan dogon ma ya ƙara wa nauyi tun da ya tara kowa a wuri guda. Abin da za a iya cewa shi ne, an rasa babban wurin aiki ɗaya da ke haɗa Musulmi da Kirista, ɗan ƙasa da baƙo, a ƙarƙashin doka guda, inda ran direba ke hannun mai canza layi ko daga wace kabila ya fito.

Zamanin faffaɗan layi

Matasan yau idan aka ce jirgin ƙasa, na Abuja zuwa Kaduna suke gani, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Yana da sanyi, yana da sauri, ya kuma zama mafaka lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi titin mota, har shi ma aka kai masa hari kusa da Katari a ranar 28 ga Maris 2022, aka dakatar da shi zuwa watan Disambar shekarar. Faɗin dogonsa milimita 1,435 ne, na tsohon layi 1,067, saboda haka taragon ɗaya ba ya hawa na ɗayan. Ya ratsa gefen yammacin kudancin Kaduna ta Jere, bai kusanci Kafanchan ba.

Bambancin ya wuce na faɗi. Tsohon layi yana shiga tsakiyar gari ya tsaya a ƙauyuka, ya ɗauki buhu da akuya da ɗan makaranta. Sabon yana haɗa manyan birane ne, tashoshinsa a bayan gari, fasinjansa mai jakar hannu. Na farko yakan kafa gari, na biyu yakan rage wa matafiyi lokaci. A watan Maris 2021 aka ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3, aka fara daga kudu, sashen Fatakwal zuwa Aba ya koma aiki a 2024. Wannan shi ne layin da makomar Kafanchan ta rataya a kansa.

Abin da kewar ke nufi

Idan aka tattara ra'ayoyin, za a ga kowane rukuni yana kewar wani abu ne da jirgi ya tsaya a madadinsa. Dattijon da ke yabon zamanin kwal yana kewar aikin da ake shiga da ƙuruciya a fita da furfura, da gidan kwatas da asibitin ma'aikata. Ɗan kasuwar da ke yabon shekarun 1960 yana kewar kuɗin dako mai sauƙi. Wanda ke yabon zamanin Indiyawa yana kewar tsari, a ce jirgi zai zo ƙarfe kaza ya kuma zo. Matashin da ke yabon na Abuja yana neman tafiya cikin aminci da mutunci. Bature mai sha'awar jirgi yana kewar inji alhali jirginsa na zuwa aiki na nan bai fasa ba. Mutumin Kafanchan ya rasa injin, ya rasa abin da injin ke kawowa.

Akwai kuma bambanci wajen adana tarihi. A Ebute Metta ta Ikko ƙungiyar Legacy ta mayar da gidan Jaekel ɗan gidan tarihin reluwe, gidan da ke ɗauke da sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin da ya rubuta tarihin jiragen ƙasan Nijeriya cikin juzu'i uku. A gidan tarihi na Jos an ajiye kawunan jirgin siririn layin Zariya. Mafi yawan tarihin mararrabar Kafanchan kuwa yana cikin kawunan tsofaffin ma'aikata, su kuma kullum raguwa suke yi.

Kammalawa

Hukuncin wannan nazari shi ne, zamanin kwal ya fi daɗin labari, amma shekarun 1955 zuwa 1964 su suka fi amfani ga Kafanchan da kudancin Kaduna, domin a lokacin ne kaya da aiki da zaman lafiya suka haɗu a kan dogo ɗaya. Darasin da ke ciki shi ne jirgi yana rayuwa ne da abin da zai ɗauka. Yankin yana da citta, wadda ke farfaɗowa daga annobar da ta faɗa mata a 2023, yana da masara da doya da waken soya, ga shanu da hatsin arewa maso gabas da har yanzu ke bin titi a manyan motoci. Tun da gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, gwamnatocin Kaduna da Filato da Nasarawa ba su da hujjar naɗe hannu suna jiran Abuja.

Kafin nan akwai aikin da ba ya buƙatar biliyoyi. Malaman tarihi da ɗalibansu a makarantun yankin su ɗauki na'ura su zauna da tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da matan da suka yi talla a tasha, su naɗi abin da suka sani tun suna raye. Masarautu da ƙungiyoyin ci gaban gari su haɗa kai da hukumar a kare ginin tasha da loko daga masu sayen tsohon ƙarfe. A 2027 mararrabar Kafanchan za ta cika shekara 100, ya kamata ranar ta iske an yi wannan.